Rikodar Kawu

A tsakiyar shekarun 1990, tsakanin gama sakandare da samun gurbin karatu na gaba, an kai ni koyon gyaran rediyo a Sabon Garin Kano. Shagon dai suna ne: teburin katako da ya sha ƙunar ayan, benci guda, rumfar kwano, sai gawarwakin rediyo jibge har kusa da rufi. Maigidana, wanda duk layin ke kira Baba tun bai fara furfura ba, ba ya zubar da komai. Rediyon da ya mutu murus ma yana da ranarsa, domin gobe za a ciri sifirin ko sukuru a jikinsa a tashi wani. Aikina na farko busa ƙura ne, da sayo dalma, da ɗora ayan a kan risho in an ɗauke wuta. Sai da na daɗe kafin a yarda in riƙe sukundireba.

Ana ce mana masu gyaran rediyo, amma kaset ne yake ciyar da mu. Direbobin tasha, masu shayi, teloli, 'yan makarantar kwana, matan aure da ke aiko yara da rikoda ƙunshe a ɗankwali, duk kukansu ɗaya ne: ta ci mini kaset, tana jan murya, ta daina juyawa. Abin da aka manta a cikin rikoda kuwa shi ke gaya maka mai ita. Shata da Ɗanƙwairo na direbobi ne da dattawa, Barmani Choge ta mata ce, waƙoƙin Indiya na samari da 'yanmata, tafsirin Sheikh Abubakar Gumi kuma ba ya raba babba da yaro. Akwai wani iri da ba a sayarwa a kasuwa, wato kaset ɗin wasiƙa. Mutanenmu da ke zaune a Saudiyya ko Sudan ko Kurmi sukan zauna gaban rikoda su yi gaisuwa, su ba da labari, su yi sallahu, sannan su ba matafiyi ya kawo gida. In Baba ya danna ya ji sallama da muryar da ba ta mawaƙi ba ce ba kuma ta malami ba, nan take yake kashewa ya zare ya miƙa wa mai shi. Bai taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Na bar shagon na koma makaranta. Faifan CD ya zo, wayar hannu ta shigo a 2001, memori ya biyo baya, kaset ya kwanta. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta cinye abin da ya rage wa Baba na kayan aiki, ya koma ƙofar gidansa yana gyaran fitilar caji da fanka da cajar waya. Gaisuwar Sallah ce kaɗai ta rage tsakaninmu.

Wani hunturu, ba da daɗewa ba, Inna ta sa aka sauko mata da adakarta tana neman wata tsohuwar atamfa. A can ƙasa ta ci karo da ƙunshi: ƙaramar rikoda ta aljihu, ƙirar Japan, irin wadda muke kira wokman ko wane kamfani ne ya yi ta, mai lasifika ɗan mitsitsi da makirufo a jikinta, tare da kaset uku. Kawu ne, yayanta, ya aiko da ita. Ya tafi aikin hajji a farkon shekarun 1980, ya zarce da ɗinki a Jidda, can ya yi iyali, can kuma Allah ya karɓi abinsa. Shi ba ya rubutun boko, ita ba ta karatun wasiƙa, saboda haka ya ba wani alhajin unguwarmu rikodar ya kawo mata, don ta riƙa jin saƙonsa ta kuma mayar da amsa. Ta miƙo mini ƙunshin ta ce, "Kai da ka yi zaman gyaran rediyo, ka tashe ta in ji Yaya." Na zame murfin batir, na ga abin da ke ciki, na mayar na rufe. Washegari na nufi gidan Baba.

"Barka da hutawa, Baba."

"A'a, Malam ne da kansa? Yau ba Sallah ba."

"Yaronka ne dai, Baba. Aiki na kawo."

Ya karɓa ya juya ta a tafin hannu, ya girgiza ta kusa da kunne ko zai ji wani abu na yawo a ciki. Sannan ya dube ni ta saman tabarau. "Ka sa mata kaset?" Na ce ban sa ba. Ya ce, "To karatu bai zube duka ba."

Batura biyu ne aka bari a ciki tun zamanin da aka ajiye ta. Sun kumbura sun yi aman farin gishiri, gishirin ya ci sifirin ɗin da ke tokare su har ya karye, ya kuma bi jar waya ya shiga ciki. Baba ya aiki jikansa ya sayo lemun tsami. Ana ɗiga ruwan a kan farin gishirin sai ya yi kumfa ya saki, a goge da auduga, a bi da sifirit don kada tsamin ya zauna ya yi tasa ɓarnar. Sifirin kuwa daga mataccen rimot ɗin talabijin aka ciro shi. Wayar da gishiri ya ci ba ta kama dalma, ko ka fere ta baƙi za ka tarar a ciki, don haka aka sauya ta ɗungum.

A nan ne na lura idon Baba ya yi rauni, hannunsa kuma yana ɗan rawa in ya zo kan ƙananan abubuwa. Bai ce komai ba, turo mini sukundireba kawai ya yi. Haka aikin ya kasance har ƙarshe, hannu nawa, sani nasa. Sukurorin Japan a ido kamar kowane sukuru mai gicciye suke, amma yankan kansu daban ne, sukundireba na kasuwa zamewa yake ya cinye kan, daga nan kuma sai kuka. Baba yana da nasa wanda ya goge wa tsini da zarto tun ina yaron shago, yana cikin 'yan abubuwan da suka tsira saboda a aljihu yake kwana. Ya sa na samo kwalin sabulu, na zana bayan rikodar a kai, duk sukurun da na kwance sai in soke shi a daidai gurbinsa a zanen. Tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ka ɗaura dogo a ramin gajere, ya huda fanel, ka kashe abin da ka zo tayarwa.

Da na ɗaga murfin baya, bel babu shi. Wato yana nan, amma ya narke ya zama baƙin abu mai danƙo kamar kwaltar da rana ta dafa, ya malale a ramin fulin moto, ya naɗe babban faifan ƙarfe, ya ɗiga a kan haƙoran giya. Baba ya yi dariya. Ya ce da ma ya sani, roba ba ta son zama, ba ta son zafi, ga shi ta samu duka biyun a ƙasan adaka. Goge wannan baƙin abu shi ne aikin da ya fi cin rai a duk gyaran. Auduga a kan tsinken ashana, a tsoma a sifirit, a bi ramin fuli a hankali ana juya shi da farce, a jefar, a sake wata. Yana kama yatsa, daga yatsa ya koma riga, daga riga ba ya fita. In ka bar ɗigo ɗaya a cikin ramin, sabon bel zai riƙa maƙalewa a wurin duk zagaye, ka ji murya tana tuntuɓe. Na yi tun bayan azahar har aka kira magariba, Baba na karɓa ya shafa da ɗan yatsa ya dawo mini da ita ya ce saura.

Wanda bai taɓa buɗe rikoda ba yana zaton ƙafafun nan biyu masu juyawa su ke jan zaren kaset. Ba su ba ne. Moto yana juya bel, bel yana juya faifan ƙarfe mai nauyi, a tsakiyar faifan akwai siririn sandan ƙarfe da ya leƙo ta cikin kaset. In ka danna, wata 'yar taya ta roba sai ta matse zaren a jikin sandan, su biyun su riƙa tura shi gaba. Ƙafar dama aikinta kawai ta naɗe abin da aka miƙo mata. In ta yi sanyi ta kasa naɗewa alhali sandan bai daina turowa ba, zare sai ya taru ya cukurkuɗe, shi ne cin kaset da mutane ke kuka da shi. Nauyin faifan kuma shi ke shanye 'yar rawar moto, don zare ya wuce gaban hed da gudu ɗaya tak: santimita 4.76 a kowace daƙiƙa. Wannan ma'auni kamfanin Philips ne ya kafa shi lokacin da ya fito da kaset a 1963, a ƙarƙashin injiniyansa Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 94. Da Sony ta fito da Walkman a watan Yulin 1979, mai sauraro da abin kunne, ba ta taɓa ma'aunin ba, haka duk kamfanonin da suka biyo ta. Shi ya sa kaset ɗin da aka ɗauka a Jidda yake magana a Kano. Zaren faɗinsa bai kai milimita 4 ba, a kaset mai minti 90 kuwa tsawonsa ya kusa mita 130, duk kuma rayuwarsa tana hannun wata roba da kaurinta bai wuce na tsinken tsintsiya ba.

A da, in bel ya tsinke kuma babu sabo, mukan yanko shi daga tsohon tub ɗin keke da reza. Wasu masu gyaran ma robar ɗaure kuɗi suke sawa, su karɓi kuɗin mutum, bayan sati biyu ya dawo. Ban taɓa ganin Baba ya yi wannan ba, kuma har yau ina ganin ha'inci ne, domin robar kuɗi kaurinta ba daidai ba ne, tana miƙewa tana tsukewa, mawaƙi ya riƙa rawar murya kamar mai jin sanyi. Wannan karon ya ce rikodar Hajiya ba za ta sha tub ba. Ya sa na zagaya zaren ɗinki ta hanyar da bel ke bi, na ƙulla, na auna, sannan ya ce a rage kaɗan, domin dole bel ya ɗan fi hanyarsa gajarta kafin ya kama. In ya yi sako-sako zamewa zai yi, in ya matse da yawa moto zai wahala ya sha batir. Jikan nasa ya yi magana da wani abokin cinikinsa a kasuwar Alaba ta Legas, aka sako mana ƙullin bel kala-kala a motar dare.

Kafin ya iso muka bi sauran. Tsohon giris ya daskare a jikin giya, aka wanke aka sa sabo ɗan kaɗan. Man keken ɗinki, ɗigo ɗaya a bakin allura, a gindin sandan ƙarfe, sannan a goge saman sandan tas, don mai in ya taɓa zare an gama. Abin ƙara murya yana ƙarar yashi saboda ƙurar hunturun shekaru, sifirit da murzawa suka gyara shi. Tayar robar ce ta ba mu wuya. Ta bushe ta yi sheƙi, ta taurare har farce ba ya shiga. Da a tsohon shago ne, hannu kawai Baba zai miƙa cikin tuli ya ciro irinta. Yanzu sai da na bi 'yan jari-bola, na sayi wata fasasshiyar rikoda da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, muka ci sa'a tayarta da sauran laushi.

Ƙullin Alaba da ya zo, rabinsa shara ne. Baba ya riƙa ɗaukar bel ɗaya-ɗaya yana mirgina shi tsakanin yatsu biyu ido a rufe, wanda ya ji yana da kauri a wani gefe sai ya jefar. Wanda ya zaɓa na ɗora da ɗan hantsaki, na tabbatar bai murɗe ba, aka sa batir. Moto ya yi 'yar ƙara, faifai ya ɗauka. Na kai hannu ga ƙunshin Inna, Baba ya buge hannun. Ya jawo wani kaset da ya sha duniya, ba murfi ba suna, ya ce ga zakaran gwajin dafi. Ta juya shi lafiya ba ta ci ba, amma muryar can ƙasa take, da wani gurnani a bayanta. Kwandansa ne suka bushe, ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan fanel, masu ruwan magani a ciki wanda shekaru ke ƙafar da shi. Muka sauya waɗanda ke hanyar sauti da na kusa da moto, Baba na maimaita mini abin da ya faɗa sau ɗari a da, cewa ƙafarsu ba a juya ta, mai zane ita ce ta ƙasa. Murya ta fito.

Saura gudu. A manyan wuraren gyara akwai kaset na musamman mai ɗauke da sauti guda, mai kaɗawa sau 3,000 a daƙiƙa, a sa shi a duba na'ura, a murɗa har lamba ta daidaita. Baba bai taɓa mallakar wannan ba. Abin da yake da shi kaset ɗin Shata ne na kamfani, ba kwafin kasuwa ba, da agogon hannu. Ya san inda waƙar farko take ƙarewa a agogo, ya kuma san inda muryar Shata take zama a kunne. A jikin fanel kusa da moto akwai wani ɗan abin murɗawa da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ya ce in taɓa shi kaɗan. Kalangu ya yi sauri. Ya ce koma. Na koma, ya wuce. Muka yi ta yi, yana kaɗa kai ido a rufe, har ya ɗaga hannu. Aka mayar da waƙar farko aka bi ta da agogo, ta sauka inda ya ce za ta sauka. Daga nan sai sukurun da ke gefen hed, wanda ke daidaita tsayuwarsa a kan zare. In ya karkace ko da ƙanƙani, sauti sai ya dushe. Ana murɗa shi ne har sai harafin sin da shin sun fito tar a bakin mai magana, sannan a ɗiga masa jan farce ya kame. Sukundireban da za a kai kusa da hed kuma kada ya zama mai maganaɗisu.

Su ma kaset ɗin sai da aka duba su. Ɗaya ɗan audugarsa da ke tokare zare a jikin hed ya faɗi yana yawo a ciki, aka manna shi. Kowanne na soka masa biro na juya shi daga farko har ƙarshe na dawo da shi, don zaren da ya shekara talatin a naɗe ya saki jikinsa kafin moto ya ja shi. Da aka gama na ce zan kai wa Inna. Baba ya ce a bar murfin baya a buɗe, kuma tare za mu.

Aka yi masa shimfiɗa a zaure, Inna ta zauna daga bakin ƙofar ciki, yara suka cika tsakar gida. Suka gaisa, ta yi masa godiya, ya ce ai ɗanta ne ya yi aikin. Na sa kaset na farko na danna. Aka ji shuu, aka ji ƙarar keken ɗinki daga nesa, sai sallama. Inna ta amsa sallamar. Kawu ya shiga gaisuwa, yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu yanzu ba sa duniya. Ya tambayi gona, ya tambayi wata akuya, ya yi ƙorafin cewa turaren da ya aiko bara bai ji an ce ya iso ba. Ba wanda ya yi motsi.

Can wajen tsakiyar gefen sai muryar ta fara sirancewa. Maganar ta ƙara sauri, dattijo ya soma komawa saurayi, yaran tsakar gida suka fara ƙunshe dariya. Inna ta ce, "Malam, ta fara lalacewa. Wannan ba Yaya ba ne." Gabana ya faɗi, na ɗauka bel ne ya zame. Baba ya ce in zare in sa Shata. Shata ya fito daidai, ba ƙari ba ragi. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Hajiya, taki lafiyarta ƙalau. Tasa ce batir ya yi wa sanyi a can."

Bayanin da ya yi mana a zauren nan ya fi duk abin da na koya a shago. Rikoda tana da abin da ke riƙe gudun moto, amma in batir ya yi ƙasa sosai riƙon yana kuɓucewa, moto ya rage gudu. Mai ɗaukar magana ba zai sani ba, shi dai yana ta zuba. Maganar daƙiƙa guda sai ta kwanta a kan zaren da bai kai na daƙiƙa guda ba. In aka zo aka saurara a rikoda mai cikakken gudu, sai a ji ta da sauri da siririyar murya, kuma tana ƙara sirancewa yadda batir ɗin ya riƙa mutuwa a ranar. Gudun da muka sha wuya muka daidaita da agogo, gudun da Philips ya kafa wa duniya, ga wannan kaset ɗin kuskure ne. Babu kuma na'urar da za ta gaya maka daidai ɗinsa, sai wanda ya san muryar.

Ya ce, "Hajiya, ke za ki yi mana aikin. In kin ji shi, ki ce." Na mayar da kaset baya, na ɗora tsinin sukundireba a kan ɗan abin murɗawar, jikan Baba ya jona waya a ramin abin kunne yana ɗauka, muka raba sautin da wata ƙaramar lasifika. Da muryar ta fara hawa sai na murɗa ƙasa. Inna ta ce, "Saura." Na ƙara. "Ka wuce, ai ba shi da kauri haka, wannan ka mai da shi Baffa." Na dawo kaɗan. Ta yi shiru tana saurare, har ya kai wata kalma da yake ja a hanci, sai ta ce, "Yauwa. Shi ne." Bayan minti biyu ya sake hawa, ta sake cewa saura. Haka muka bi sauran gefen, tana tuƙi ina murɗawa, matar da ba ta taɓa riƙe sukundireba ba. Dab da ƙarshe, ɗan abin murɗawar ya kai iyakarsa, Kawu ya yi tari ya ce jar fitilar rikodarsa ta dushe, da alama batir ne, bari ya dakata sai ya sayo wani. Baba ya buga cinya ya ce, "Kun ji ko!" Har Inna sai da ta yi dariya.

Kaset na biyu bai ba da wahala ba, sabon batir ya sa ranar. Aka mayar da gudu inda Shata ya ajiye shi, na ɗaure murfi, kowane sukuru daga kwali zuwa raminsa. Baba ya ƙi karɓar kuɗin aiki, ya ce a biya jikansa na bel da na mota. Inna ta sa aka bi shi da kwanon dambu da turmin shadda, wannan bai mayar ba. Da zai tafi ya bar mata doka biyu: in ta gama ji a cire batir, kuma kada a wuce wata ba a kunna ta ba, ko ba a jin komai, don roba ta motsa. Abin da aka ɗauka a waya aka tura wa dangi, har da 'ya'yan Kawu a Jidda.

Na uku sai da dare muka sa shi, mu kaɗai 'yan gida. A jikinsa an rubuta shekara da biro, 1988, shi ne na ƙarshe da ya aiko. Ya yi sallama, ya gaishe da kowa, ya ce yanzu zai zo kan maganar da ta sa ya yi wannan kaset ɗin, a kira Baffa ya zauna kusa. Sai aka ji ƙas, sai ganga da sarewa da muryar wata 'yar Indiya. Muka jira ta ƙare, wata ta biyo. Muka juya gefe na biyu, haka har ƙarshe.

Na zare na duba samansa. Kowane kaset yana da 'yan kunnuwa biyu a can, in aka karya su maɓallin ɗauka ba ya dannuwa. Kawu ya karya nasa, ya yi abin da ya kamata. Wani ne ya cusa takarda a ramukan. Na zaro ta da allura na warware, yagen littafin makaranta ne mai layi, da guntun lissafin raba dogo a jiki. Na kira Baba a waya ko akwai dabara. Ya ce zare kafin ya isa hed ɗin ɗauka sai ya bi ta kan na gogewa, abin da ya bi ta nan kuwa ko a Japan ba mai dawo da shi.

Idon kowa ya koma kan Yayata, domin a 1988 ita ce budurwar gidan kuma ita ke da littafin waƙoƙin Indiya. Ta rantse ba ita ba ce. Hujjarta ita ce waƙoƙin duk na finafinan Mithun ne, ita kuwa duk unguwa an san ta Amitabh ce, ba za ta ɓata batir a kan wani ba. Ta kuma ce a dubi lissafin da kyau, an yi kuskure a layi na biyu, ita kuwa ba ta taɓa faɗuwa lissafi ba. Zargi ya koma kan wani ɗan Baffa da ya zauna a gidanmu a shekarun. Yana Legas yanzu da jikokinsa. An ɗauki hoton takardar an sa a zauren iyali na WhatsApp, alama ta nuna ya gani, kuma tun ranar in aka tayar da maganar sai ya turo addu'ar safiya.